Layuka Biyar a Kconfig: Yadda Ake Bitar Sharuɗɗan Gina Direban Madannai a Linux

Duk wanda ya taɓa loda kati a mita, ko ya danna lambar sirri a na'urar POS, ya san allon madannai. Abin da bai gani ba shi ne yadda aka jera wayoyinsa ta ciki. Allo mai madannai 16 ba ya cin waya 16. Ana shimfiɗa layuka 4 a kwance, 4 a tsaye, kowane madanni yana zaune a mahaɗar layi biyu, don haka waya 8 ta wadatar. Na'ura tana bin layukan tsaye ɗaya bayan ɗaya tana saurarar na kwance, inda ta ji an haɗu, nan aka danna. A tsarin Linux, manhajar da ke wannan saurare ita ake kira direba, kuma direbobin madannai suna zaune a drivers/input/keyboard, ƙarƙashin sashen da Dmitry Torokhov ya daɗe yana kula da shi.

Idan wani ya rubuta sabon direba ya kawo don a duba, facin nasa yakan zo da abubuwa uku: fayil na yaren C mai layuka ɗari uku ko huɗu, layi ɗaya a Makefile, da 'yan layuka a fayil ɗin Kconfig. Idon mai bita yakan tafi wajen C ɗin, tunda can ne aiki yake. 'Yan layukan Kconfig kuwa a kalle su da gefen ido a wuce. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Bayan makonni sai wata na'urar gwaji, irin ta kamfanin Intel da ake kira kernel test robot, ta kawo rahoton cewa gini ya karye a wani tsari da ko a mafarki marubucin bai taɓa tunaninsa ba.

Bari mu ɗauki faci na misali mu bi shi. Sunayen da ke ɗauke da MISALI ni na ƙirƙire su don bayani, sauran duk na gaske ne. A ce direban na wani ɓangare ne da ke cikin babbar ayisi ta na'ura, yana karanta madannai, yana kuma iya kunna fitilar da ke haska allon. Marubucin ya rubuta haka:

config KEYBOARD_MISALI
	tristate "Misali keypad"
	depends on ARCH_MISALI
	select LEDS_CLASS
	default y

A wajensa ya ginu, ya loda a bod ɗinsa, madannai sun amsa, fitila ta kama. Amma akwai kurakurai huɗu a nan, kuma ɗaya daga cikinsu ba a ganinsa, domin layi ne da ya kamata a rubuta ba a rubuta ba.

Kafin mu tono su, sai mun san abin da Kconfig ke yi. Kanel ɗin Linux ɗaya ne, amma shi ke tafiyar da wayar Android da rauta da manyan kwamfutocin IBM na bankuna. Ba a gina shi gaba ɗaya a kowace na'ura, zaɓa ake yi, kuma zaɓuɓɓukan sun haura dubu goma. Yaren da ake rubuta su da shi Roman Zippel ne ya kawo shi a 2002. Idan mutum ya gama zaɓe, sakamakon yana shiga fayil mai suna .config, daga nan Makefile ke karantawa ya san fayil ɗin da zai gina da wanda zai bari.

Kalmar tristate tana nufin zaɓin yana da matsayi uku. Harafin y na nufin a cusa direba cikin jikin kanel. Harafin m na nufin a gina shi a gefe a matsayin modul, a loda shi in an buƙace shi. Harafin n na nufin a bar shi. A cikin lissafin Kconfig, n sifili ne, m ɗaya, y biyu. Alamar && tana ɗaukar ƙarami a cikin biyu, alamar || tana ɗaukar babba, alamar ! kuma tana cire adadin daga biyu, shi ya sa kishiyar m ita ma m ce. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai kalmomi biyun da rigima ke kansu. Kalmar depends on rufi ce: tana cewa wannan zaɓi ba zai wuce matsayin wancan ba. Idan wancan n ne, namu ba zai ma bayyana a jerin zaɓi ba. Idan m ne, namu ya tsaya a m. Kalmar select kuwa turawa take daga ƙasa: idan aka kunna namu, dole wancan ya tashi ya kai matsayin namu. Kuma tana turawa ido rufe, ba ta tambayar ko wanda take turawa yana da nasa sharuɗɗan da ba a cika ba. Takardar bayanin yaren, Documentation/kbuild/kconfig-language.rst, ta yi kashedi a kan haka, ta ce a taƙaita select ga zaɓuɓɓukan da ba sa bayyana ga mai amfani kuma ba su dogara da komai ba.

Yanzu bitar kanta. Shawarata ita ce ka rufe Kconfig tukuna. Idan ka fara da shi, abin da marubucin ya rubuta zai shige maka kai, ka koma neman hujjar da za ta gaskata shi. Buɗe fayil ɗin C, ka ɗauki takarda, ka rubuta duk wani aiki da direban ya kira wanda ba a cikinsa aka rubuta shi ba. A misalinmu za ka samu devm_platform_ioremap_resource, wanda ke buɗe masa hanya zuwa rajistocin na'urar. Za ka samu devm_clk_get, na neman bugun agogon da ɓangaren ke tafiya da shi. Za ka samu matrix_keypad_build_keymap, wanda ke gina taswirar da ke cewa mahaɗar layi kaza da kaza ita ce lamba 7. Za ka samu devm_led_classdev_register na fitila, da input_register_device, da teburin sunayen da ake daidaita direba da bishiyar na'urori.

Kowane suna a takardar nan tambaya biyu za ka yi masa. A wane fayil aka rubuta shi, kuma wane zaɓi ne ke sa a gina fayil ɗin? Wannan ita ce ta farko: umarnin git grep zai nuna maka fayil ɗin, Makefile na wannan babban fayil ya nuna maka zaɓin. Tambaya ta biyu ita ce: idan aka kashe zaɓin, akwai na bogi da aka ajiye a madadinsa?

Wannan maganar ta bogi tana buƙatar tsayawa. Gina kanel mataki biyu ne. Da farko ana fassara kowane fayil na C zuwa harshen na'ura shi kaɗai. A wannan mataki mai fassara ba ya neman ganin aikin da aka kira, ya ishe shi a ce masa akwai shi a wani wuri. Bayan nan sai ɗinki, inda ake haɗa guntayen wuri ɗaya, kuma a nan ne kowane kira dole ya sami wanda zai amsa. Wasu sassan kanel sun yi tanadi: idan an kashe su, fayil ɗinsu na .h yana ajiye ayyuka na wofi masu suna iri ɗaya, waɗanda ba sa yin komai sai mayar da amsa. Sashen agogo haka yake. In babu HAVE_CLK, devm_clk_get na bogi zai amsa, ɗinki ya tafi lafiya. Sashen ƙafafun GPIO ma haka, shi ya sa direban matrix_keypad na gaske, wato KEYBOARD_MATRIX, aka rubuta masa GPIOLIB || COMPILE_TEST. Bishiyar na'urori, wadda zaɓinta OF ne, ita ma tana da na bogi. Duk sunan da ke da na bogi, ka soke shi a takardarka, ba sharaɗin gini ba ne.

Saura waɗanda ba su da shi. Aikin input_register_device babu damuwa, domin dukan fayil ɗin Kconfig na madannai yana ƙarƙashin INPUT, kuma zaɓuɓɓukansa suna tsakanin if INPUT_KEYBOARD da endif, abin da ke cikin irin wannan shinge kuwa yana gadon sharaɗinsa ba sai an maimaita ba. Amma matrix_keypad_build_keymap yana cikin drivers/input/matrix-keymap.c, wanda ba a gina shi sai an kunna INPUT_MATRIXKMAP. Marubucinmu bai ambace shi ba. Ga kuskuren da ba a gani.

Me ya sa ya ginu a wajensa? Saboda tsarin da yake aiki da shi yana da wani direban madannai a kunne, wanda ya riga ya tayar da INPUT_MATRIXKMAP. Ya sha ruwa a randar maƙwabci ya ɗauka a gidansa ya ɗiba. Ranar da wani ya gina kanel da direbansa kaɗai, ɗinki zai tsaya da koke na undefined reference, ko kuma, in modul ne, matakin modpost ya ce bai san wannan suna ba. Gyaran layi ɗaya ne, select INPUT_MATRIXKMAP, kuma a nan select ce daidai. Ɗan ɗakin ajiyar ayyuka ne, bai dogara da komai ba sai INPUT, ba kuma za a ɗora wa mai amfani sanin cewa sai ya kunna shi kafin direbansa ya bayyana ba. Yana da suna a jerin zaɓi, amma saboda direbobin da ke wajen kanel kawai. Direbobin TCA8418 da i.MX da Samsung da TWL4030 duk haka suke tayar da shi. Duba abin da maƙwabta suka yi a fayil ɗaya yana daga cikin hanyoyin bita mafi arha.

Layin select LEDS_CLASS akasin haka ne. LEDS_CLASS zaɓi ne da mai amfani ke gani, kuma yana cikin shingen NEW_LEDS. Idan wani ya kashe NEW_LEDS ya kunna direbanmu, select za ta tayar da LEDS_CLASS da ƙarfin tsiya alhali uwarsa na kwance. Kconfig zai yi gargaɗin unmet direct dependencies, ya ci gaba, ginin kuma ya je ya faɗi a wani wuri mai nisa da inda laifin yake. Akwai wata illar ma. Idan wasu direbobi na dogara da zaɓi ta depends on, wasu kuma na tura shi da select, watarana sarƙar takan naɗe ta ciji wutsiyarta: wannan na jiran wancan, wancan na tura na uku, na uku na jiran na farko. Nan Kconfig ke ihun recursive dependency detected. Wanda ya ƙara layin ƙarshe shi ake kamawa, ko da ba shi ya shuka matsalar ba.

To me za a rubuta? Ya danganta da amsar tambayar da za ka yi wa marubucin: direban na iya aiki babu fitila? In ba ya iyawa, depends on LEDS_CLASS, magana ta ƙare. Haka direban LM8323 ya yi. In kuwa fitilar ƙari ce, ya killace ɓangarenta a cikin C da IS_ENABLED(CONFIG_LEDS_CLASS), akwai tarkon da ya rage. IS_ENABLED na amsa eh ko zaɓin y ne ko m. Ka ɗauka direbanmu y ne, LEDS_CLASS kuma m. Direba na cikin jikin kanel yana kiran aikin da ke cikin modul, wanda ba ya nan lokacin ɗinki. Modul na iya kiran abin da ke jikin kanel, amma jikin kanel ba ya iya kiran modul kai tsaye. Gini ya karye.

Maganin da aka saba da shi, in ka fara ganinsa sai ka ɗauka shirme ne: depends on LEDS_CLASS || !LEDS_CLASS. Ai kowane abu ko yana nan ko ba ya nan. Amma yi lissafin. In y ne, babba tsakanin biyu da sifili, biyu, direba na da 'yanci. In n ne, babba tsakanin sifili da biyu, biyu, nan ma 'yanci. In m ne, babba tsakanin ɗaya da ɗaya, ɗaya, rufin direba ya sauko zuwa m. Layin ya hana haɗi guda ɗaya tak, wanda shi ne mai karya gini. Akwai wata hanya, a sauya IS_ENABLED da IS_REACHABLE a cikin C. Ginin zai wuce, amma ni ba na son ta a irin wannan wuri, domin mai amfani zai kunna direba, ya kunna fitila, allon ya ƙi haske, babu kuma saƙon da zai gaya masa dalili.

Tunda muna kan m, ga ɗan'uwan wannan tarko. Da direban na ayisi ce ta daban da ake magana da ita ta layin I2C, kamar TCA8418, depends on I2C ya isa muddin direban tristate ne. Amma in marubucin ya mai da shi bool, wato y ko n kawai, kuma I2C na matsayin m, Kconfig zai ɗaga m ɗin zuwa y tunda bool bai san m ba. Irin wannan direba depends on I2C=y yake buƙata. Wanda kuma ya rubuta select REGMAP_I2C ba tare da depends on I2C ba ya koma cikin ramin da muka fito.

Layin depends on ARCH_MISALI ba ƙarya ba ne, sai dai amsar wata tambaya ce daban. Duk abin da muka yi zuwa yanzu kan abin da rubutun ke buƙata don ya ginu ne. Wannan layi kuwa yana faɗin inda direban ke da amfani. Yana da kyau a same shi: mai haɗa kanel na Debian ko Fedora don kwamfutar tebur bai kamata a dame shi da tambaya kan ɓangaren da babu shi sai a ayisi guda ta ARM ba. Illarsa ita ce yana ɓoye direban daga masu gwaji. Wanda ya sauya wani aiki a tsakiyar kanel, ya gina a x86 don ya ga bai karya kowa ba, ba zai ga direbanmu ba. Saboda haka aka kawo COMPILE_TEST a 2013, a kanel 3.11. Idan aka rubuta ARCH_MISALI || COMPILE_TEST, mai amfani na yau da kullum ba ya ganin zaɓin, mai gwaji kuma yana iya gina shi ko'ina.

Sai dai buɗe wannan ƙofa na da kuɗinsa. ARCH_MISALI ya kasance yana kawo abubuwa da yawa a ɓoye, yanzu direban zai fita ba su. Shekara da shekaru, abin da ya fi kama mutane shi ne HAS_IOMEM. Kanel ɗin manyan kwamfutocin IBM ɗin nan, wato s390, in aka gina shi ba PCI ba shi da shi, kuma ayyukan buɗe rajista sun rataya a kansa, don haka rahotannin karyewar gini daga s390 suka yi ta zuwa wa direbobin da ba za su taɓa ganin irin wannan na'ura ba. Tun 2021 COMPILE_TEST kansa ya dogara da HAS_IOMEM, abin ya yi sauƙi, amma direban da ba ya bi ta COMPILE_TEST, wanda aka sa wa OF kaɗai misali, har yanzu sai an duba masa. Ka kuma kula da baka. Alamar && ta fi || riƙo, saboda haka A && B || C na nufin C shi kaɗai ya isa. In ba haka ake nufi ba, a raba sharuɗɗan layi-layi, tunda layukan depends on da ke jere ana haɗa su da && ne. Wani ƙaramin abu: in marubucin ya naɗe teburin sunaye da of_match_ptr, ginin da babu OF zai bar teburin ba mai amfani da shi, gini da W=1 ya yi gargaɗi. Cire of_match_ptr ɗin ya fi sauƙi.

Layin default y ba ya buƙatar dogon bayani. Linus Torvalds ya sha yin faɗa a kansa. Kowane marubuci na ganin direbansa ya cancanci a kunna wa duniya, duniya kuwa ba ta da bod ɗinsa. A goge shi. Wanda ke son direban ya kunna a fayil ɗin defconfig na dandalinsa.

Bayan gyara, shigarwar ta koma haka:

config KEYBOARD_MISALI
	tristate "Misali keypad"
	depends on ARCH_MISALI || COMPILE_TEST
	depends on LEDS_CLASS || !LEDS_CLASS
	select INPUT_MATRIXKMAP

Ka tabbatar akwai rubutun help da ke faɗin na'urar da sunan modul ɗin, scripts/checkpatch.pl yana ƙorafi in ya yi gajarta. Ka duba sunan da ke Makefile ya yi daidai harafi da harafi da na Kconfig, domin kuskuren harafi ɗaya ba ya kawo wani koke, direban ne kawai ba zai ginu ba. Shi ma Kconfig, in ka dogara da sunan da babu shi, ɗaukarsa yake a matsayin n ya yi shiru. Rubutun scripts/checkkconfigsymbols.py na kamo irin waɗannan.

Saura gwaji, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu ta hanya biyu. Ta farko, su gina fayil ɗin .o na direban kaɗai su ce ya wuce. Wannan fassara ce ba ɗinki, ba za ta taɓa nuna select da aka manta ba. Ta biyu, su yi allmodconfig, wanda ke kunna kusan komai. Yana da amfaninsa, amma inda komai ke kunne babu abin da zai ɓace, randar maƙwabci na cike. Ga shi da cin lokaci, wanda ke aiki da laftof da wutar da ba ta da alkawari ya san abin da nake nufi.

Gwajin da ke tona asiri shi ne na talauci. Fara da allnoconfig. Yi amfani da scripts/config ka kunna MODULES da COMPILE_TEST da INPUT_KEYBOARD da direban, ba ƙari. Gudanar da olddefconfig, sannan ka buɗe .config ka ga ko direban na nan, domin in wani sharaɗi bai cika ba Kconfig zai cire shi ba sallama, ka gina kanel babu shi kana murna. In ya ɓace, shiga menuconfig ka danna alamar / ka rubuta sunansa, zai nuna maka kowane sharaɗi da matsayinsa na yanzu. Gina har ƙarshe, kanel da modul. Ƙaramin gini ne, ba ya daɗewa. Maimaita da direba a y, sannan a m. Kunna NEW_LEDS ka sa LEDS_CLASS a m, ka gwada tilasta direba zuwa y, ka ga olddefconfig ya mayar da shi m. Sai ka sake duka da ARCH=arm64, inda na'urar take da gaske.

In da sauran lokaci, randconfig na zaɓe da ka, yana haɗa abubuwan da mai hankali ba zai haɗa ba, kuma ta wannan hanya Arnd Bergmann da Randy Dunlap suka kamo kurakurai masu ɗimbin yawa. Don kada ƙuri'ar ta riƙa tsallake direbanka, rubuta shi da COMPILE_TEST a ɗan fayil ka miƙa ta KCONFIG_ALLCONFIG. Duk lokacin da randconfig ya gudana yana buga wata lamba, KCONFIG_SEED. Idan gini ya faɗi, kwafe lambar ka haɗa da .config ɗin ka aika wa marubucin, da su zai sake haifar da matsalar a kan teburinsa.